Albarkacin Kaza



Ka san karin maganar nan tamu: albarkacin kaza, ƙadangare kan sha ruwan kasko. Ba don ƙadangare anka aje ruwan ba. Don kaza anka aje shi. Amma in ya zo ya sa baki, ba mai korar shi.

Mu ma haka muke yi tsakaninmu. Baƙo ya zauna garinku, ya yi aure cikinku. Wata rana ya yi laihi, maigari ya ce shi bar gari. Sai dattawa su tashi su ce: "Ranka shi daɗe, a dubi matarshi. Ɗiyarmu ce. In ka kore shi, ita ka kora." Maigari shi yi shiru, can shi ce: "To, na bar shi. Amma ba don halinshi ba."

Ga tambaya biyu da nike so mu duba tare. Ta farko: daidai ne a yi ma mai laihi ahuwa don darajar wani? Ta biyu: wanda anka yi ma irin wagga ahuwa, wane nauyi ya hau kanshi?

Akwai ƙasar da ta rubuta wanga al'amari cikin dokarta, da adadin kwanaki da na shekaru. Ita ce Amurka. Tana da nisa, amma ba baƙuwarmu ba ce. Ƴan kasuwar Nijar sun daɗe suna kasa kaya a unguwar Harlam ta birnin Niyok. Wasu ƴan'uwanmu suna zaune Girinsboro, cikin jihar Karolina ta Arewa. Wasu sun yi aure can, sun haihu. Bari mu ga yadda dokar take, sannan mu auna ta.

Ƙofa da darni

Hanya biyu ce baƙo kan rasa takardar zama a Amurka.

Ta farko: ya shiga ta ƙofa. An ba shi biza, ya sauka jirgi, ma'aikacin iyaka ya duba fasfonshi, ya bar shi ya wuce. Kwanakin da anka ba shi sunka ƙare, bai koma gida ba.

Ta biyu: ya tsallake darni. Bai bi ta wurin masu duba takardu ba. Ya biyo ta ƙasar Meziko, ta daji ko ta gulbi. Cikin 2023 samari da yawa na Afirka ta Yamma sun bi wagga hanya, musamman ƴan Muritaniya da Senegal da Gine. Su shiga jirgi har Nikaraguwa, daga nan mota da ƙafa har iyaka.

Doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Wanda ya shiga ta ƙofa, in ya auri ƴar ƙasa aure na gaskiya, doka ta ba shi damar neman katin zama nan inda shike. Wanda ya tsallake darni kuwa, in ban da ƴan kaɗan, sai ya hita. Shi koma ƙasarshi, shi je gidan jakadan Amurka, a yi mishi tambayoyi. In an yarda, a ba shi biza shi komo ta ƙofa.

Ina cewa miji, ina cewa mata, don magana ta yi sauƙi. Amma in macen ce baƙuwa, mijin ɗan ƙasa, hukuncin ɗaya ne.

Dokar 1996

Ran 30 ga Satumba 1996, shugaban Amurka Bil Kilinton ya sa hannu ga wata doka ta baƙi. Ta fara aiki ran 1 ga Afirilu 1997. Ta zo da hukunci uku.

Na ɗaya: wanda ya zauna ba izni hiye da kwana 180, amma bai cika shekara ba, in ya hita, ba shi komowa sai bayan shekara 3.

Na biyu: wanda ya zauna ba izni shekara guda ko hiye, in ya hita, ba shi komowa sai bayan shekara 10.

Na uku shi ne babba. Wanda zamanshi ba izni ya wuce shekara in an haɗa duka, ko wanda hukuma ta taɓa kora da umurni, in ya hita ya sake tsallake darni, ko ma ya gwada tsallakewa, an ruhe mishi ƙofa ba iyakar lokaci.

Ka ga tarkon? Doka ta ce ma mutum: "Hita ka gyara takardarka." In ya hita, ta ce: "Tsaya nan waje shekara 10." Hukuncin ba shi kama mutum sai ran da ya sa ƙafa waje. Shi ya sa da yawa sunka zaɓi su zauna ɓoye. Ga mata ƴar ƙasa, ga ɗiya ƴan ƙasa, ga maigida kullum cikin tsoro.

Ƴar tagar ahuwa

Masu doka sun san abin shina da zahi. Sai sunka bar ƴar taga ga hukunci na ɗaya da na biyu. Ana iya yi ma mutum ahuwa, a ɗauke mishi shekara 3 ko 10 ɗin. Amma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne a nuna cewa in an hana shi, wani za shi shiga wahala mai tsanani, wadda ta wuce wahalar rabuwa ta kullum. Kewa ba ta isa. Hawaye ba su isa. Ma'aikata suna duba lahiyar matar. Suna duba wa za shi biya hayar gida. Suna duba ko akwai tsohuwa mai jinya hannunta. Suna duba in ta bi mijin ƙasarshi, akwai maganin ciwonta can, akwai kwanciyar hankali, tana jin harshen mutane. Sai su haɗa duka su auna.

Wahalar wa ake aunawa? Ta matar aure, ko ta uwa, ko ta uba, in ƴan ƙasa ne ko masu katin zama. Ta mai laihin ba ita ce ma'auni ba. Ta ɗiyanshi ma doka ba ta sa ta cikin lissahi kai tsaye ba, ko da a Amurka anka haihe su. Sai dai a nuna cewa wahalar yaro ta ƙara ma uwar nauyi.

Da, sai mutum ya hita sannan shi nemi ahuwa, shi zauna waje wata da watanni shina jiran amsa. Daga watan Maris 2013, zamanin Barak Obama, anka yarda shi nema tun shina cikin ƙasa. Takardar neman sunanta I-601A. A 2016 anka ƙara buɗe ta, har dangin masu katin zama sunka shiga. A 2024 anka sa kuɗɗinta dalar Amurka 795, watau sama da jika 400 na kuɗɗinmu, ban da ladan lauya. Cikin 2023 mutane da yawa sun yi shekara 3 suna jiran amsa.

Ka riƙe abu biyu. Wagga takarda ciwo ɗaya take ma magani: zama ba izni. In mutum ya isa gidan jakada anka tarar da wani laihi dabam, ahuwar ta faɗi, ga shi kuma waje. Sannan ko ya cika sharaɗi, ba tilas ba ne a ba shi. Alfarma ce ta hukuma.

Mutum uku

Mu yi misali da mutum uku. Duka sun auri ƴan ƙasa. Duka suna aiki, ba su taɓa sata ba, ba su taɓa faɗa ba.

Na farko ya tsallake darni sau ɗaya. Ya yi shekara 8 bai hita ba. Wannan shina iya neman ahuwa.

Na biyu ya tsallake, ya yi wata biyu, ya koma gida da kanshi, ba wanda ya kore shi. Baya ya sake tsallakewa, ya zauna. Shigarshi biyu, amma zaman farko bai kai shekara ba. Hukunci na uku bai kama shi ba. Shi ma shina iya nema.

Na uku ya yi shekara 5. Sai anka kira shi anka ce uwarshi ta rasu. Ya tahi gida ya amshi gaisuwa. Matarshi da ɗiyanshi suna Amurka, ba shi da biza. Ya sake tsallake darni ya komo wurinsu. Wannan taga ta ruhe mishi. Ko matarshi tana kwance gidan likita, ba a ko auna wahalarta. Sai ya hita, shi cika shekara 10 waje. Sannan shi rubuta wata takarda, I-212, shi roƙi izni a bar shi shi sake neman biza. Ana iya yarda, ana iya ƙi.

Ka gani, ba yawan shiga kaɗai ake ƙirgawa ba. Ana duba tsawon zaman da ya gabata, da kuma yadda mutum ya hita. Nan ne wasu ke faɗawa rame ba su sani ba. An kama mutum bakin iyaka, an miƙo mishi takarda da harshen da bai iya karantawa, ya sa hannu, an maida shi. Shina tsammani komawa ce kawai. Ashe umurnin kora ne. In ya sake tsallakewa, hukunci na uku ya hau kanshi, ko da kwana ɗaya ya yi cikin ƙasar. Doka ta ba mutum damar neman a nuna mishi abin da hukuma ta rubuta kanshi. Lauya na ƙwarai daga nan shike farawa.

Masu cewa ba daidai ba ne

Yanzu mu koma tambayarmu ta farko. Akwai masu cewa bai kamata a yi wagga ahuwa ba. Kada mu rena maganarsu.

Suna cewa: ku dubi layin rijiya. Mata sun aje tulunansu tun asuba. Wata ta zo ta bayan layi ta ɗebi ruwa. In an bar ta, mi za a ce ma waɗanda sunka yi haƙuri? Akwai mutanen da sunka bi doka, sunka yi shekaru suna jiran biza ƙasarsu.

Suna cewa kuma: ku dubi gwauro. Laihinshi da na mai mata ɗaya ne. Tare sunka tsallake, rana ɗaya. Domi za a bar wannan, a kori wancan? Aure ba shi wanke laihi.

Na ƙarshe, suna cewa: in aure shina buɗe ƙofa, mutane za su maida shi kasuwa.

Masu cewa daidai ne

Ga amsar ɗaya gehen. Hukunci ba shi faɗa ma mutum ɗaya. In ka kada icce, ba shi kaɗai ke faɗuwa ba, har da sheƙar tsuntsun da ke bisa. Matar nan ba ta tsallake darnin kowa ba. Ƙasarta ce. In an kori mijinta shekara 10, an ba ta zaɓi biyu masu ɗaci: ta rabu da miji, ko ta rabu da ƙasa. Wane laihi ta yi?

Saboda haka hukuma ba ta ce laihin ba laihi ba ne. Cewa ta yi ba za ta hori ƴarta da laihin wani ba. Haka dattawan garinku sunka ce ma maigari.

Gwauro kuwa ba a cuce shi ba. Abin da doka ta ce, shi anka yi mishi, ba a ƙara ba. Alherin da anka yi ma maƙwabcinka bai rage komi cikin rumbunka ba. Maganar layi ma ba ta zama daidai ba, don doka ba ta sa ma mazan ƴan ƙasa da matansu adadi a shekara ba. Auren kasuwa kuwa shina da nashi hukunci, za mu zo gare shi.

Abin da ni na gani

Ni ina tare da masu ahuwa. Dokar da ba ta da taga ko ɗaya ta cika tsauri. Amma akwai wuri uku da ma'aunin Amurka bai kwanta mini ba.

Na ɗaya, ba tuba shike aunawa farko ba, wahala shike aunawa. Tilas mace ta kwance asirinta gaban baƙo: ciwonta, bashinta, rashin barcinta. Mai lahiya, mai sana'a, mai haɗiye baƙin cikinta, ita ce takardarta kan yi rauni. Ƙarhin halinta ya zama cikas ga mijinta.

Na biyu, yara. Wa ya hi yaro ɗan shekara 4 buƙatar uba? Shekara 10 ga babba jira ne. Ga yaro kuwa ƙuruciyarshi ce duka.

Na uku, mutumin nan da ya tahi gaisuwar uwarshi. Na gane hujjar hukuma: na farko kuskure, na biyu ganganci. Wanda ya san an hana, ya sake, ya cancanci horo mai nauyi. Ban yi musu ba. Amma doka ta sa shi kwando ɗaya da wanda ya maida iyaka hanyar gonarshi. Ta hana ma'aikaci ko shi saurari dalili. Maigarin da ya ce ba shi jin ba'asi, ba ƙarhi ne gare shi ba. Kunne ya toshe.

Can Amurka ma gardamar ba ta ƙare ba. A watan Yuni 2024 shugaba Jo Baidin ya hito da wani shiri. Ya so mazan ƴan ƙasa da matansu da sunka yi shekara 10 cikin ƙasar su gyara takardunsu ba tare da hita ba. An ce abin za shi shafi mutum wajen 500.000. Jihohi da dama sunka kai ƙara. A watan Nuwamba 2024 wani alƙali a jihar Tekzas ya soke shirin.

Albarkaci ba gado ba ne

Ga wani labari na gaskiya da ya kai har kotun ƙoli. Wata lauya ta birnin Los Anjalas, Sandara Munyos, ta auri wani ɗan ƙasar El Salbado a 2010. Sun bi hanya, an amsa takardunsu. A 2015 ya koma ƙasarshi don tambayoyin gidan jakada. Ma'aikacin ya hana shi biza. Ya zarge shi da zama ɗan wata ƙungiyar ƴan daba, har da duban zanen da ke jikinshi. Mijin ya musa. Matar ta kai ƙara. A watan Yuni 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci, alƙali 6 sunka rinjayi 3. Sun ce tsarin mulki bai ba ƴar ƙasa haƙƙin tilasta a shigo da mijinta ba.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A watan Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta tsaida ba mutanensu biza, daga 1 ga Janairu 2026. Ɗan Nijar da ke tunanin hita don gyaran takarda, kada shi ɗaga ƙafa sai ya zauna da lauya mai izni.

Mi wannan ke koya muna? Ruwan kasko ba na ƙadangare ba ne. Yau shina nan, gobe an ɗauke kaskon. Wanda ke rayuwa bisa albarkaci, bisa aro shike rayuwa.

Bashin ƙadangare

Mun zo tambaya ta biyu, wadda ta hi muhimmanci gare ni. Gyaran dokar Amurka ba hannunmu shike ba. Amma halin ɗanmu da ke can, muna da ta cewa ciki.

Duba da kyau. Wa ke biyan kuɗɗin ahuwar nan? Ba mai laihin ba. Matar ce. Da sunanta ake buɗe takarda. Da ciwonta ake roƙo. Ita ke rantsuwa. Ita ke sa hannu cewa ta ɗauki nauyin cinshi da shanshi gaban hukuma. In abin ya ɓaci, ita za ta zauna da yara shekara 10, ko ta bar danginta ta bi shi. Wanda anka yi ma haka, bashi ya hau kanshi. Kuma da abu ɗaya ake fara biyan bashin nan: gaskiya.

Gaskiya ga matar, tun kamin a ɗaura aure. Shi zaunar da ita shi ce: "Na shiga sau biyu. An taɓa kama ni. Na sa hannu ga takardar da ban karanta ba. Wataƙila ba a gyara mini sai na yi shekara 10 waje." In ta ji ta ce ta yarda, ta ɗauki kaya da idonta buɗe. In ya ɓoye, ya aza mata kaya cikin duhu. Wannan cin amana ne, ko da shina son ta.

Gaskiyar nan tana iya ja mishi hasara, ba zan ɓoye maka ba. A 1999 hukumar ɗaukaka ƙara ta shari'un baƙi ta duba wata magana. Matar ta yi aure tana sane cewa ana shari'ar korar mijin. Hukumar ta ce saninta ya rage nauyin kukanta. Wani za shi ce: ashe gara a ɓoye mata. Ni na ce a'a. Gaskiyar da ake faɗi sai in ba ta da tsada, ba gaskiya ba ce, ciniki ne. Mace ba tsani ba ce da za a taka a haye katanga.

Gaskiya ga lauya. Mai ɓoye ma likita ciwo, kanshi ya cuta. Mutum ya ce ma lauya shigarshi ɗaya, alhali biyu ce. Lauya ya cika takarda, an amsa, an yi murna. Ya sayi tikiti ya hita. Gidan jakada anka buɗe na'ura, ga zanen yatsunshi na ran da anka kama shi, shekaru da sunka wuce. Shi ya manta, na'ura ba ta manta ba. Da ya faɗi tun farko, da lauya ya ce mishi kada ka hita. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Gaskiya ga hukuma. Wanda ya yi ƙarya da gangan don shi samu biza ko katin zama, an hana shi har iyakar rayuwarshi, sai in an sake yi mishi wata ahuwa, ita ma bisa wahalar matar. Wanda ya ce shi ɗan ƙasa ne alhali ba shi ba ne, wannan kusan ba shi da taga sam. Auren takarda kuwa, wanda anka ɗaura don katin zama kawai, horonshi na iya kai kaso shekara 5 da tara dalar Amurka 250.000. Bayan haka ko ya yi auren gaskiya, ba a amsar takardarshi.

Saura abu ɗaya da ya shafi gidajenmu. Dokar Amurka mata ɗaya ta sani. Wanda ke da mata a gida, ya yi wani aure can bisa na farko, doka ba ta ɗauke shi aure ba. In ya ɓoye ta gida, ya rantse bai taɓa aure ba, mata biyu ya cuta lokaci guda. Ta can ya yaudare ta. Ta nan ya shahe sunanta da na ɗiyanta, kamar ba a taɓa yin su ba.

Rabonmu, mu na gida

Wataƙila ka ce: "Malam, ni ina ƙauye, ina ruwana da dokar Amurka?" Da ruwanka, in kana da ɗa, ko ƙane, ko maƙwabci a waje.

Sau da yawa mu ke tura su ga kuskure. An yi rasuwa, mu ɗauki waya mu ce: "Wane irin ɗa ne kai da ba ka zuwa gaisuwar uwarka?" Kunya ta kama shi, shi taho. Ba mu san mun ruhe mishi ƙofar gidan ɗiyanshi ba. Kamin ka yi mishi gori, tambaye shi: "In ka zo, kana iya komawa?" In ya ce a'a, ka ce mishi shi zauna, addu'a tana isowa daga ko'ina.

Kada ka ce ma yaro: "Nemi wata can ka aura don takarda." Za ka so a yi ma ɗiyarka haka? In wani baƙo ya zo garinku ya aure ta don gonar ubanta, mi za ka kira shi?

In kuwa ɗanka ya yi auren gaskiya can, ka san surukarka ce ke riƙe da shi. Ko ba ka jin harshenta, aika mata gaisuwa. Sa a faɗa mata kun san abin da take ɗauke da shi. Yaba kyauta tukuici.

Saurayin da ke shirin tahiya kuma, karanta mishi wanga bayani. Shi san darnin da ake tsallakewa cikin dare ɗaya, ana iya biyan shi da shekara 10. Kuma ba shi kaɗai za shi biya ba. Wata baiwar Allah da bai ko gamu da ita ba tukuna, da yaran da ba a haifa ba, su ma za su biya.

Mu koma ƙofar maigari. An bar baƙon nan don darajar matarshi. Gari shina kallo. In ya sunkuyar da kai, ya riƙe ta da mutunci, ya bar halin da, kowa za shi ce dattawa sun yi daidai. In ya ɗaga hanci kamar da ƙarhinshi ya zauna, gobe wani baƙo za shi yi laihi, dattawa su je roƙo, maigari shi ce: "Na yi sau ɗaya, na ga abin da ya biyo." Mai cin amanar ahuwa ba matarshi kaɗai ya cuta ba. Ya ruhe taga ga na bayanshi.

Ga tambaya uku. Ku tattauna su wurin hira, maza da mata.

1. Mutumin da ya tahi gaisuwar uwarshi ya komo ta darni, da kai ne alƙali, wane hukunci za ka yi mishi?

2. Wane abu ne ya wajaba namiji shi faɗa ma mace kamin aure, ko da faɗinshi za shi sa ta ƙi shi?

3. An taɓa yi maka ahuwa don darajar wani? Ƙaƙa ka saka mishi?

Ku huta lahiya. Sai wani jiƙon.